Faifai shida na lalata, har yanzu na'urar Baba ta ƙi karantawa

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka min, kaina ya kulle. Autarmu ta yi saukar Alƙur'ani watan jiya, kuma tun rasuwar Hajiyarmu babu abin da Baba ya ƙwallafa wa rai kamar karatun yarinyar nan. Ranar walima ƙafarsa ta kumbura, likita ya hana shi fita, sai na ɗauki komai da waya, har inda aka miƙa mata allo muryarta tana rawa. Na kai masa, ya ce shi ba ya ganin komai a ɗan gilashin nan, a sa masa a faifai ya kalla a falo kamar yadda yake kallon tafsiri. Na'urar DVD ɗinsa ta daɗe, da ƙyalle yake lulluɓe ta saboda ƙura. Laftof ɗina ba ta da wurin faifai, shi ne na je Beirut Road na sayo na'urar ƙona faifai ta waje, mai shiga USB. Wani faifan sai ya tsaya a tsakiya, wani ya kammala amma na'urar Baba ta ƙi shi. Juma'a ƙannensa za su zo daga Wudil, yana so su kalla tare. Na mayar da na'urar ƙona faifan ne na canzo wata?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kar ka mayar, lafiyarta ƙalau. Matsala biyu ka haɗa. Tsayawa a tsakiya ƙarancin wuta ne: ramin USB 2.0 miliyamfiya 500 yake bayarwa, na 3.0, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, 900. Shi ya sa wasu suke zuwa da kebul mai kai biyu. Soka duka biyun, laftof tana kan caji. Ta biyu, na tabbata fayil ɗin MP4, wato bidiyon yadda waya ta ɗauke shi, ka jefa a faifai kawai. Tsohuwar na'ura tsarin DVD na bidiyo take nema, mai folda VIDEO_TS. Sauke manhajar DVDStyler, kyauta ce, ka zaɓi PAL, tsarin hoton talabijin ɗinmu na nan, ka ƙona a gudun 4x. Faifan 4.7GB zai ɗauki kusan awa biyu.

'Yar Gwammaja: Allah Ya sanya albarka a karatun. Ni dai Yaya, faifai ya fita a raina. Mai bidiyon bikinmu sai da ya ja mu wata huɗu, da ya kawo faifan kuma ko shekara uku bai yi ba ya fara sarƙewa daidai wurin kamu. Na koma, wai ya goge na wajensa. Kakata tana cikin bidiyon nan, yanzu ta rasu. Ka sayi fulash ka huta.

Ɗan Fagge: Allah Ya jiƙanta. Amma talabijin ɗin Baba tsohuwa ce mai ƙaton baya, babu ramin fulash, na'urar ma haka. Injiniya, kebul ɗina kai ɗaya ne. Kuma faifan yana buɗewa a laftof ɗina garau, in da kuskure ai da bai buɗe ba.

Mai Hoto: Faifan ne, malam. Na yi shekaru ina wannan sana'a. Wane iri ka saya? Duba jikinsa, in DVD+R ne nemi DVD-R, tsofaffin na'urori sun fi karɓarsa. Ka nemi Verbatim, ka bar na tsinta marasa suna.

Injiniya: Ba faifai ba ne. Ko na zinare ya sa, MP4 ba zai zama DVD ba. Laftof kuwa komai tana buɗewa, wannan ba hujja ba ce. Da ka sa faifan, Windows ta ba ka zaɓi biyu. Wanne ka danna?

Ɗan Fagge: Na farkon, wanda ake amfani da faifai kamar fulash. Mai shagon ne ya ce shi ya fi sauƙi, kuma a gabana ya gwada.

Injiniya: To ka ji! Wannan zaɓin don kwamfuta aka yi shi. Yi abin da na ce, ka bar ɓata kuɗi.

Malamin Makaranta: Ku tsaya tukuna. Ka gwada wani faifan tafsirin a na'urar kwanan nan? Ƙurar hunturu tana rufe idon na'ura. Tamu haka ta yi, muka yi ta zargin faifai. In ba haka ba, kai wa masu tura finafinai su yi maka, minti kaɗan ne.

Ɗan Fagge: Malam, matan gidanmu ne cike a bidiyon, ba zan bar shi a kwamfutar wani ba. Na'urar Baba kuma lafiya take, shi ba ya wasa da kayansa. Injiniya, na sauke manhajar amma tun ɗazu tana juya bidiyon ba ta gama ba, laftof ta yi zafi. Ni dai ina ganin gara na canzo mai kebul mai kai biyu.

Mai Hoto: Har yanzu ba ka faɗi irin faifan ba.

Injiniya: Juyawa tana cin lokaci, ƙyale ta ta gama. Minti nawa ne bidiyon, kuma a tsaye ka riƙe wayar ko a kwance?

Ɗan Fagge: Guntu-guntu ne, wani a tsaye wani a kwance. An ɗauke wuta, batir saura 18. Faifai biyu suka rage min.