Wai me Sarki Sanusi ya yi a Babban Bankin Najeriya (CBN) ne da har yau ake musu a kansa?

Dan_Kurna:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah tambaya gare ni ga manyanmu na nan. Mu dai mun taso mun san shi da rawani ne, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, amma kullum aka taɓo zancen naira ko bankuna sai ka ji an ce ai lokacin Sanusi kaza kaza, wasu na yabo wasu na zagi. Wai me ya yi ne takamaimai? Kuma gaskiya ne don yana ɗan sarauta aka ba shi kujerar gwamnan CBN?

Tsohon_Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam ƙanena. Maganar don sarauta aka ba shi ba ta taso ba, mutumin nan ya yi bankin tun daga ƙasa. Tattalin arziki ya karanta a ABU Zariya ya gama 1981, ya ɗan koyar a can, ya shiga aikin banki 1985, ya tafi Khartoum ya yi karatun shari'a, ya dawo ya shiga UBA ɓangaren lura da haɗarin bashi, daga nan First Bank har ya zama shugabanta a Janairun 2009, ɗan arewa na farko da ya riƙe ta. Ko wata shida bai yi ba marigayi Yar'Adua ya ɗauko shi ya gaji Soludo a kujerar gwamnan CBN.

To abin da ya tarar shi ne bankuna sun kwashi kuɗin ajiyar mutane sun zuba a kasuwar hannun jari da bashin 'yan shigo da mai, kasuwa ta karye, bashi ya ƙi dawowa, amma a takarda kowa na nuna riba. Ranar 14 ga Agusta 2009 ya sallami shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, Oceanic, Intercontinental, Union, Afribank da Finbank, ya zuba musu naira biliyan 420 don kar su rufe. Wallahi ranar a reshenmu ba wanda ya yi aiki, kowa na kan waya, kwastomomi sun cika kanta suna tambayar ko kuɗinsu na nan, manaja ya fito da kansa yana ba dattawa haƙuri yana gumi. Daga baya aka buga sunayen manyan da suka ci bashi a jarida, irin mutanen da da ko sunansu ba ka isa ka kira ba. Cecilia Ibru ta Oceanic kotu ta ɗaure ta a 2010 aka kuma ƙwace dukiya mai yawa. Sai aka kafa hukumar AMCON ta sayi ruɓaɓɓen bashin daga hannun bankunan.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Yaya duk na yarda, masu ajiya ba su yi asara ba, amma ka tsallake masu hannun jari. A 2011 da aka karɓe Afribank da Spring da Bank PHB aka canza musu suna, ƙananan masu hannun jari da suka sa kuɗin fansho da na gado sun tashi a tutar babu, ga ma'aikata da aka yi ta sallama. Sannan kar a manta a Janairun 2012 yana cikin masu kare cire tallafin mai lokacin da talakawa ke kan titi. Ni dai abin da na fi yaba masa shi ne bankin da ba ruwa, ya sha suka sosai kan bankin Jaiz har ana cewa zai musuluntar da Najeriya, bai ja da baya ba.

Bakano_Dattijo:
Yaro, kujerar ba sarauta ce ta ba shi ba amma halin, to wannan na gida ne. Kakansa Sarki Sanusi na ɗaya ya yi sarauta daga 1953 zuwa 1963, suka saɓa da gwamnatin Sardauna, ya sauka aka kai shi Azare. Mahaifinsa Aminu Sanusi Ciroman Kano ne kuma jakada ne. Wanda ya tashi a gida irin wannan, kuma bai taɓa ɓoye cewa sarautar Kano ce burinsa ba, kujerar gwamnan banki ba za ta rufe masa baki ba. Shi ya sa ya iya cewa majalisa na cinye kashi 25 cikin ɗari na kuɗin gudanar da gwamnatin tarayya, suka kira shi ya janye ya ƙi. Da Ado Bayero ya naɗa shi Ɗan Majen Kano a 2012 har ofis ya shiga da rawani da alkyabba, 'yan kudu suka yi ta surutu a jarida.

Dan_Kurna:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To ya aka yi ya bar wajen, korarsa aka yi?

Tsohon_Ma'aikaci:
Dakatarwa ce. A 2013 ya rubuta wa Jonathan wasiƙa cewa kamfanin mai na ƙasa NNPC bai saka dala biliyan 49.8 na kuɗin mai a asusun tarayya ba, aka zauna lissafi adadin ya sauko, daga baya ya tsaya a kan biliyan 20, kuma wannan sauye-sauyen lamba shi abokan hamayyarsa suka kama suka yi ta duka da shi. Ranar 20 ga Fabrairu 2014 yana taro a Yamai aka sanar an dakatar da shi bisa zargin almubazzaranci da kuɗin bankin, mataimakiyarsa Sarah Alade ta riƙe kujerar, sai Emefiele ya zo a watan Yuni. A watan Yunin nan dai Ado Bayero ya rasu ranar 6, ranar 8 Kwankwaso ya ba shi sarauta. Sauran labarin, tsige shi da Ganduje ya yi aka kai shi garin Awe a 2020 da dawowarsa a 2024, wannan kai ma ganau ne.

Hajiya_Mai_Atamfa:
A bar zancen masarautar nan don Allah kar a ɓata zaren, magana na kotu. Yaya tambayata ita ce bashin da AMCON ta saya, wa ke biyansa har yanzu?