Mota ta ƙi tashi da asuba a sanyin nan, wa ya taɓa gamuwa da haka?

Direban Sabongari, Ngaundere:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana tara ina fama. Hiace ce mai gazuwal, wato man dizal, ina jigila da ita tsakanin Ngaundere da Mbe. Tun da hunturun nan ya kankama, kowace asuba sai mun yi dambe. Injin yana juyawa lafiya lau amma ba ya kamawa, sai farin hayaƙi mai yaji a ido. Da rana ta ɗaga wajen ƙarfe tara, makulli ɗaya take tashi, kuma har dare ba ta sake yi mini gardama. Ranar Litinin na sayi sabon batir da kuɗin da na ajiye wa makarantar yara, bai canja komai ba. Lodin farko duk ya wuce ni kwanakin nan. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mini yadda ya fita.

Mai Klando, Marwa:
Wa alaikumus salam yaya. Ni dai babur nake ja, amma shi ma sanyi ba ya ƙyale shi. Da asuba sai na ja cok, na taka kik sau uku makulli a kashe, sannan na kunna. Abin da na lura, ranar da na sha zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a kwalba a bakin titi, ya fi yi mini taurin kai. Wata rana na kwance ƙasan kafireto, ruwa na tarar kwance kamar cokali guda. Ban ce duk masu kwalba haka suke ba, ni ma wurinsu nake sha idan aljihu ya yi sanyi.

Tsohon Direban Tirela:
Ɗana, sannu da ɗawainiya. Da ka tambaya kafin Litinin da kuɗin yaranka suna nan. Shekarun da na yi ina ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Njamena, maigidana na farko, Allah ya ji ƙansa, ba ya barin kowa ya taɓa sifana sai an murɗa makulli ya saurara. Idan ka ji ƙas-ƙas kawai, fitilun gaba suka dushe, to wuta ce ba ta isa ba. Idan injin yana juyawa da ƙyar kamar tsoho zai tashi daga tabarma, batir ya yi rauni ko baƙin mai ya yi kauri. Idan kuwa yana juyawa da ƙarfinsa amma bai kama ba, ka bar batir ya huta, ba shi da laifi. Taka ta ukun nan ce.

Ta farkon ta taɓa kama ni a Kusseri, muna layin haye gadar Ngeli. Tirela batir biyu take ɗauka, bolt 24. Asuba ta yi, layi ya motsa, tawa ta ce ƙas. Na baya suna ta oda, har na fara lissafin kuɗin batir biyu a raina. Yaron motata ne ya ɗaga murfi ya ga wayar da ta haɗa batiran biyu ta yi farin gari kamar an barbaɗa mata gishiri, ga ƙullin ya saki. Muka karɓi ruwan zafi wurin mai shayi, muka jiƙa 'yar kanwa a ciki, muka wanke kan batir, muka kankare da wuƙa, muka ɗaure tam, muka shafa giris. Bugu ɗaya ta tashi. Kanwa tana cinye ruwan batir ɗin da ya tsattsafo ne, shi ya sa ba a bari ta zuba cikin ramukan batir. Tun daga ranar ban sake tafiya babu ƙullin kanwa a akwatin kayan aiki ba.

Maman Biyu, Garwa:
Baba ya faɗi gaskiya. Tawa Corolla ce mai canja giya da kanta, ta fetur. Bara warhaka ta yi mini irin ta biyun, juyi a hankali sannan shiru. Samarin unguwa suka zo za su tura, Allah ya sa maƙwabcinmu ya hana, ya ce irin wannan motar ba a tayar da ita da turi. Aka jona mata waya daga motarsa: ja a kan alamar tarawa ta batiran biyu, baƙa ɗaya a kan alamar ɗebewa ta motarsa, ɗaya bakin kuma a jikin ƙarfen injina. Ta tashi. Washegari ta sake.

Mai gyaran wuta ya sa mita. A kashe batir ya nuna bolt 12.1, ya ce mai lafiya da ya cika 12.6 yake nunawa. Da aka tayar, maimakon ya hau kusan 14, bai ko kai 13 ba. Ashe bel ɗin da ke juya na'urar caji ne ya saki, yana ta sulɓewa. Ga shi tafiyata ba ta wuce gida zuwa makarantar yara zuwa kasuwa, batir ba ya samun sukunin cika. Da zafi yana lallaɓawa, sanyi na zuwa asirinsa ya tonu. An ɗaure bel, an yi cajin dare ɗaya, har yau batir ɗin nake amfani da shi.

Ɗan Mokolo:
Ni a ganina gazuwal ɗinka ne ke daskarewa. Mu nan kan duwatsu, wajen Rumsiki, na sha ganin direbobi suna tura garwashi a kasko ƙarƙashin mota kafin su tayar. Ka gwada.

Bakaniken Baladji, Ngaundere:
Ɗan Mokolo, ka yi haƙuri, wannan shawarar kada kowa ya ɗauka. Na taɓa karɓar mota a gareji da duk wayoyin ƙasanta da tiyon mai suka narke saboda kaskon nan, mai ita da ƙyar ya tsira da hannunsa. Kuma gazuwal ba ya daskarewa a sanyinmu. Ngaundere tana kan tudu, sama da mita 1,000, shi ya sa muka fi Garwa jin jiki, amma ko a Janairu asubarmu tana wajen digiri 10 ne zuwa sama kaɗan. Gazuwal sai sanyi ya kusanci inda ruwa ke ƙanƙara yake fara yin kakin da ke toshe filta. Abin da garwashin ke yi kawai shi ne ɗumama baƙin mai da jikin inji.

Malam Direba, farin hayaƙin da ka ambata shi ya ba ni amsa. Mai yana isa cikin inji, ƙonewa ce ba ya yi. Injin gazuwal ba shi da tartsatsi irin na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Da asuba ƙarfen ya kwana cikin sanyi, yana shanye zafin kafin mai ya kama. Don haka aka sa wa irin injin Hiace ɗinka bujin ɗumama, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira hita, guda huɗu, kowace silinda da nata. Idan ɗaya ya mutu mota za ta tashi tana kakkarwa da hayaƙi. Idan biyu ko uku suka mutu, sai rana ta yi musu aikin. Kuma suna iya mutuwa tun watan Afrilu ba wanda ya sani, don da zafi ba a neman su sosai.

Gobe ka yi wannan kafin ka zo wurin kowa. Murɗa makulli rabi, ka dubi fitilar nan mai kamar naɗaɗɗiyar waya. Jira ta mutu, ka ƙara ɗan jinkiri, ka kashe, ka maimaita sau biyu, sannan ka tayar. Ka kasa kunne ko za ka ji ƙarar rile, wato makunnin da ke ba bujin wuta, a gaban mota. In ba ka ji komai ba, wataƙila fis ne ko rilen kansa, abu mai araha. Kuma kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15, ka bar demarer, wato abin da ke juya inji wajen tayarwa, ya huce tsakani, in ba haka ba shi ma za ka saya. Awon bujin ba wuya: a cire ƙarfen da ya haɗa kawunansu, a sa mita ɗaya bayan ɗaya. Mai rai yana nuna kusan om 1, matacce ba ya nuna komai.

In duka huɗun suna da rai, to sai mu yi maganar matsin inji, wannan kuwa magana ce mai tsada, Allah ya sa ba mu kai can ba.

Mai Land Cruiser, Njamena:
Ƙari a kan na bakanike. A hanyar Abeshe mai na durom muke sha, ba zaɓi. Ni tawa ba ta ma yin hayaƙin, juyi kawai. Ruwa ne ya taru a gindin filta, ga iska ta shiga layi cikin dare ta wani tiyo da ya tsage. Na kwance ƙasan filta ruwa ya zuba, na danna famfon hannu da ke samanta har ya yi tauri, ta tashi. Yanzu da yamma nake cika tanki, don tankin da ya kwana rabi yana yin gumi a ciki. Maganar daskarewa kuwa, abokan aikinmu da ke hawa duwatsun Tibesti su ne ke da bakin yin ta, can ruwa yana ƙanƙara da dare.

Yaron Mota:
Mu a tasha tsumma ake jiƙawa da fetur a kara a bakin filtar iska.

Bakaniken Baladji, Ngaundere:
Ƙanena, na san ana yi. A injin da ke da bujin ɗumama, fetur ɗin yana iya kamawa kafin lokacinsa, ya buga wa fistin ko ya dawo da wuta fuskar mai riƙe da tsumman. Gara ka cire filtar ka kakkaɓe ƙurar hunturu, ita ma tana shaƙe inji.

Direban Sabongari, Ngaundere:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya na ɗumama sau uku kamar yadda aka ce, ta kama a bugu na biyu tana rawa kamar mai zazzaɓi. Bayan lodin farko na kai aka auna: biyu matattu, na uku ya kumbura a baki, da ƙyar ya fito. Na canja duka huɗun, kuɗinsu bai kai na batir ba. Yau ƙarfe biyar da rabi, hazo ko gaban mota ba a gani sosai, bugu ɗaya ta tashi. Baba, na wanke kan batir da kanwar ma. Tsohon batir ɗin yana nan a ɗaki, an auna an ce lafiyarsa ƙalau. Mai shagon ya ce ba ya karɓar sabon, don haka wanda ke neman batir na Hiace a Ngaundere ya yi mini magana.