Akwai data, akwai sabis, amma burauza ta ƙi buɗe shafi: wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Maman Hanifa, Kano

Assalamu alaikum jama'a. Kwamfutar tebur muke da ita a gida, 'yar Beljiyam, maigida ya saya wa yara don karatu. Tunda muka dawo daga biki muka kunna ta, duk shafin da na shiga a Chrome sai jan alwatika ya fito da rubutun "Your connection is not private". Har Google ƙi yake. Wayar da nake jona ta da ita kuwa komai buɗewa take. Mai gyara ya ce sai an yi mata fomatin, ga hotunan suna da takardun makarantar yara duk a ciki. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mini yadda ya fita.

Malam Sabo, Zariya

Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki bari a taɓa ta tukuna. Dubi can ƙasa ta hannun dama inda agogo yake, ki karanta kwanan wata har da shekara. Tawa da ta yi mini haka, shekarar 2009 na tarar tana nunawa, kuma a ƙarƙashin babban rubutun akwai wani ƙarami: NET::ERR_CERT_DATE_INVALID.

Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, da yawansu ma kwana 90 ne wa'adinsu. Da agogon kwamfutarki burauza take duba yau nawa ga wata. In agogon ya ce 2009 ake, takardar bana a wurinta ba ta fara aiki ba, sai ta hana ki shiga.

Abin da ke riƙe agogon idan babu wuta wani ɗan batir ne a kan babban allon ciki, fari mai ƙyalli, zagayayye kamar kwabo, an rubuta CR2032 a bayansa. Mu da ake ɗauke mana wuta kullum ya fi saurin ƙarewa, balle kwamfutar da ta riga ta sha aiki a Turai. Ki sa a zare ta daga soket, a kwance noti biyun da ke baya, a zame murfin gefe. Akwai ɗan ƙarfe da ya maƙale batirin, ana tura shi da farce zai ɗago da kansa. A sa sabon, ɓangaren da ke da alamar + yana sama. Masu gyaran agogo ma suna sayar da shi.

Maman Hanifa, Kano

Malam, Allah ya saka da alheri. Janairun 2012 na gani! Na gyara kwanan watan, nan take shafuka suka buɗe. Batirin gobe yaro zai sayo in sha Allahu.

Nura Funtuwa

Ni in ta nuna mini wannan, Advanced nake dannawa in wuce abina, shafin kuma ya buɗe.

Malam Sabo, Zariya

Nura ƙanena, ka bar wannan ɗabi'a. Wani lokaci agogo ne, wani lokaci kuma da gaske wani ne ya shiga tsakaninka da shafin, musamman a wayifayin da kowa ke hawa. In shafin banki ne ko imel, kana wucewa ka rubuta lambar sirrinka, ka miƙa ta da hannunka ke nan.

Abubakar, Birnin Kebbi

Ni agogona daidai yake amma saƙon bai fasa fitowa ba, kuma ba a kowane shafi ba, wasu su buɗe wasu su ƙi. Windows 7 nake amfani da ita lokacin, wadda ba a taɓa sabunta ta ba tunda aka ɗora. Ranar 30 ga Satumba 2021 wata tsohuwar takardar shaida da ɗimbin shafuka suka dogara da ita ta ƙare, tsofaffin na'urorin da ba su karɓi sabuwar ba suka fara ƙin shafuka lafiyayyu. Firefox ce ta fitar da ni, don ita da nata jerin takardun take zuwa, ba ta dogara da na Windows ba.

Masu Windows 7 su sani cewa Chrome ta tsaya musu a lamba 109 tun farkon 2023, ba za ta ƙara gaba ba, shafuka kuwa kullum sauyawa suke. Windows 10 ɗin da na koma ita ma Microsoft ta janye mata tallafin yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025. Wannan shi ne wuri ɗaya da na yarda a sake ɗora Windows, kuma bayan an kwashe kaya a filash.

Baban Sadiq, Jos

Tawa daban ce. Chrome da Edge duk suka mutu rana ɗaya, suna rubuta ERR_PROXY_CONNECTION_FAILED. Ashe ƙanin matata ne da ya zo hutu ya saka wata manhajar hawa intanet kyauta. Da zai tafi ya goge ta, amma saitin da ta canja yana nan. Na shiga Settings, Network & Internet, Proxy, sai ga 127.0.0.1 da 8080 a rubuce, maɓallin "Use a proxy server" a kunne. Wato burauza tana aika komai wurin manhajar da babu ita. Ina kashe maɓallin komai ya dawo. Burauzan biyu saitin Windows ɗaya suke bi, shi ya sa suka faɗi tare.

Hajiya Rabi, Maraɗi

Mu nan da Faransanci take mana magana: "Ce site est inaccessible". Amma ƙaramin rubutun ƙasa ba ya canja harshe, shi ɗiyata ta kwafa ta bincika da waya. DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN ne. Ta fara duba ko adireshin ne ba a rubuta daidai ba, ta ga lafiya lau. Sai ta kashe modem ta kunna, ta canja DNS, wato saitin da ke nemo inda shafi yake daga sunansa, zuwa 8.8.8.8 na Google. Har yanzu saƙon bai sake fitowa ba, alhamdu lillahi.

Fati, Bauchi

Nawa abin tsoro ne ya ba ni. Saƙonni suka riƙa faɗowa a gefen allo, wai ƙwayar cuta ta kama kwamfutar, in danna a wanke. Yayana ya ce kada in kuskura. Ya shiga saitin Chrome wurin Notifications, ga wani shafin sauke finafinai da yara suka danna wa Allow. Ya cire shi, ya cire wasu ƙarin manhajoji biyu da suka maƙale a burauzar ba wanda ya san su. Shi ya nuna mini Ctrl da Shift da N, maɓallan da ke buɗe tagar sirri ta burauza: in shafi ya buɗe a wannan tagar amma ya ƙi a ta kullum, to laifin daga irin waɗannan ne ko daga tarkacen da burauza ta tara, kuma Ctrl da Shift da Delete ne ke share tarkacen.

Usman, Gusau

In ƙara da guda. Lokacin rajistar makaranta shafin ya yi ta ba ni 503, wani lokaci 502. Duk lambar da ta fara da 5 daga can wurin masu shafin take, ba abin da za ka gyara a gida, jama'a ne suka yi musu yawa. Bayan sallar asuba na shiga ya buɗe. Abin da nake jan kunne a kai shi ne biyan kuɗi: in shafin ya tsaya bayan ka sa katinka, kada ka sake biya sai ka duba asusunka. Abokina sau biyu aka cire masa, ya daɗe yana zirga-zirga kafin a maido masa da ɗaya.