Malama ce ni, ina so in tsaya takarar kujerar hukumar makarantu: ina neman shawara

Mai neman shawara: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni barci mako uku ke nan. Ni malama ce a wata makarantar firamare ta gwamnati a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, shekara 11 ina koyar da aji uku, kuma yawancin yaran da ake ba ni 'ya'yan baƙi ne waɗanda ba da Turanci ake magana a gidajensu ba. Har zuwa bara ina da mataimakiya wadda kowace safiya take zama da yara biyar a wani ɗan tebur a kusurwar aji, tana bi da su harafi bayan harafi. Akwai wani yaro da ya zo mana bai iya haɗa baƙaƙe uku ba, wanda idan aka miƙa masa littafi sai ya kifa kansa a kan tebur ya yi kamar barci yake ji, amma kafin ƙarshen zango shi ne yake ɗaga hannu yana roƙon a bar shi ya karanta wa aji. Da aka zo tsara kasafin kuɗi, sai hukumar makarantun gundumar ta soke wannan aiki a duk makarantunmu.

Na je zaman hukumar, na cika katin neman izinin magana, na jira har bayan ƙarfe tara na dare, aka ba ni minti uku. Ina magana agogo yana ƙirge a jikin bango, mambobi biyar suna zaune, biyu daga cikinsu idonsu na kan kwamfuta. Da lokaci ya cika shugabar ta ce ta gode, aka kira na gaba, daga baya aka kaɗa ƙuri'a huɗu da ɗaya. A cikin mota na zauna na yi kuka. Yanzu ɗaya daga cikin huɗun nan ba zai sake tsayawa a watan Nuwamba ba, kuma iyayen yara sun matsa mini lamba in nemi kujerar. Zuciyata ta karkata, amma ina jin tsoro. In tsaya ko in haƙura?

Baban Yusra: Wa alaikumus salam, Malama. Kin ba mu labarin yaro da tebur dalla-dalla, amma ba ki faɗa mana abin da ya fi muhimmanci ba: shin gundumar da kike koyarwa ita ce wadda kike zaune a cikinta? Idan ita ce, to magana ta ƙare tun kafin a fara, domin sashe na 35107 na dokar ilimi ta Kalifoniya ya ce ba za a rantsar da ma'aikacin gunduma a matsayin mamban hukumarta ba sai ya ajiye aikinsa. Za ki iya tsayawa takara kina aiki, amma idan kika ci zaɓe, kafin a rantsar da ke sai kin yi sallama da ajinki. Ki kuma lissafa wannan: malamin da aka tabbatar wa aiki, idan ya yi murabus aka sake ɗaukarsa cikin wata 39, ana mayar masa da matsayinsa, amma wa'adin kujerar shekara huɗu ne, wato wata 48. Kin ga lissafin bai fita ba. Abin da ake biyan mamba kuwa ɗan alawus ne, ba albashin da zai riƙe gida ba. Na daɗe ina bin waɗannan zaman, kuma shawarata a taƙaice ita ce kada ki tsaya.

Maman Khalil: Allah ya ba ki sa'a, 'yar uwa. Ni abin da kika faɗa game da minti uku ya taɓa ni, domin haka aka yi mini lokacin da aka sauya hanyar motar makaranta, ɗana ya koma tsayawa a bakin titi tun ƙarfe shida da rabi cikin duhu. Na rubuta wasiƙa sau huɗu, babu wanda ya amsa, kuma da na je ofis sai aka ce in koma shafinsu na intanet. Har yau ina kai shi da kaina kafin in wuce wurin aiki, kuma sau biyu ke nan ana yi mini gargaɗi saboda makara.

Malamin Lissafi: Ni ban yarda da Baban Yusra ba. Idan duk wanda ya san aji daga ciki zai ja da baya saboda tsoron albashi, to kujerun za su ci gaba da zama a hannun waɗanda rabonsu da shiga aji tun suna ɗalibai. Irin wannan zaɓe ba a sa sunan jam'iyya a takardar ƙuri'a, kuma mutane da yawa suna tsallake wannan layi ba su zaɓi kowa ba, saboda haka wanda ya bi gida gida yana ƙwanƙwasa ƙofa yana da dama sosai. Ki nemi goyon bayan ƙungiyar malamai tun da wuri. Kada kuma ki ji tsoron ramuwar gayya a wurin aiki, domin tun a shekarar 1968 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Pickering, malamin da aka kora a jihar Ilinoi saboda wasiƙar da ya rubuta wa jarida yana sukar yadda hukumar makarantu take kashe kuɗi, cewa malami yana da 'yancin yin magana a kan al'amuran jama'a. Abin da kawai za ki kiyaye shi ne kada ki yi kamfe a lokacin aiki, kada ki taɓa injin kwafi ko adireshin imel na makaranta, kada kuma ki sa takarda a jakar yara.

Mai neman shawara: Na gode muku duka. Baban Yusra, gunduma ɗaya ce, kuma na san da maganar murabus, ba wai na faɗa cikin abin a makance ba ne. Akwai ƙarancin malamai a gundumomin da ke maƙwabtaka da mu, kuma ina da yaƙinin zan samu aiki a ɗaya daga cikinsu, fanshona kuma na jiha ne, zai bi ni duk inda na koma. Ban ga dalilin da zai sa a ɗauka cewa ban yi tunani ba.

Baban Yusra: Malama, ba raina tunaninki na yi ba, amma yaƙini ba takardar ɗaukar aiki ba ce. A sabuwar gunduma za ki koma matsayin gwaji na shekara biyu, kuma ba kowace gunduma ce take lissafa duk shekarun da mutum ya yi a wani wuri idan ta zo ɗora shi a matakin albashi ba. Bayan haka, ki duba abin da za ki saya da wannan tsada: ƙuri'a ɗaya cikin biyar. Huɗu da ɗaya za ta koma uku da biyu, mataimakiyar ba ta dawo ba, yaran da kike yi dominsu kuma sun rasa ki. Shirun da aka yi miki a zaman nan ma wani ɓangarensa doka ce, domin dokar Brown ta 1953, wato dokar jihar da ta tsara yadda irin waɗannan hukumomi suke zamansu, ta taƙaita abin da mambobi za su tattauna a bainar jama'a, ta kuma hana mafi rinjayensu su shirya magana a bayan fage. Ke ma idan kin hau kujerar, haka za ki zauna wata uwa tana kuka a gabanki. Hanyar da ta fi kusa ita ce ta kuɗin: tun 2013 jihar take ba gundumomi ƙarin kaso saboda yara masu koyon Turanci da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, kuma dole ne gunduma ta rubuta yadda za ta kashe shi, ta kuma saurari kwamitin iyayen waɗannan yara. Ki tara iyayen can, ki tsayar da ɗaya daga cikinsu takara, ke ki zauna a ajinki.

Hajiya Babba: 'Yata, ban ji kin ambaci maigidanki ba ko sau ɗaya, kuma ban san ko kuna da yara ƙanana ba. Ƙanwata ta riƙe irin wannan kujera a wata jiha, kuma abin da ya gajiyar da ita ba zaman dare ba ne, kiran waya ne da tsare ta da ake yi a wurin sayayya, har maƙwabciyarta ta daina gaishe ta saboda an rufe wata makaranta. Ki zauna da iyalinki tukuna.

Malamin Lissafi: Baban Yusra, uku da biyu ba daidai take da huɗu da ɗaya ba, domin bayan shekara biyu za a sake zaɓen wasu kujerun, kuma hukumar ce take ɗaukar shugaban makarantun gunduma, ita take sallamarsa. Wanda yake cikin ɗaki lokacin da ake wannan magana ya fi mai kati a hannu.

Mai neman shawara: Hajiya, maigidana ya ce duk abin da na zaɓa yana bayana, ko da yake ba mu zauna mun yi lissafi a takarda ba. Maganar tsayar da wani daga cikin iyaye kuwa na gwada, amma yawancinsu ba su da takardar zama 'yan ƙasa, waɗanda suke da ita kuma aiki biyu suke yi. Ba son kujera ne ya kawo ni nan ba. Ana rufe karɓar takardun takara kwana 88 kafin zaɓe, saboda haka ina ganin zan je in karɓi fom ɗin in ajiye, tunda karɓa ba cikawa ba ce.

Baban Yusra: Har yanzu ba ki faɗa mana ba ko inshorar lafiyar gidanku a kan aikinki take.

Maman Khalil: Idan Allah ya sa kin ci, don Allah ki fara duba maganar motar makaranta.