Maganin da ke kare sabuwar ƙoda, shi ne kuma ke cutar da ita?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Wata huɗu kenan da aka yi wa Yayana dashen ƙoda, ƙanwarmu ce ta ba shi. Sati na farko ƙodar ta ƙi tashi sai da aka ci gaba da wankin ƙoda, daga baya ta kama aiki alhamdulillah. To yanzu kiriyatinin, wato dattin jini da ake aunawa don ganin aikin ƙoda, ya ɗan hau, likita ya ce takrolimos ya yi yawa a jininsa, wai maganin yana toshe wani enzayim ne, wato wani sinadari da ke tafiyar da wani aiki a jiki. Ni dai kaina ya ɗaure wallahi, maganin da aka ce shi ke hana jiki ƙin ƙodar shi ne kuma zai ɓata ta?

Mai Kemis:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Enzayim ɗin sunansa kalsinyurin, yana cikin sojojin jikin da ake kira T. Idan suka hango baƙuwar ƙoda, shi ne ke kwance wa wani furotin mai suna NFAT mari, NFAT ɗin kuma ya shige cikin cibiyar ƙwayar halitta ya kunna ƙwayoyin gadon da ke ƙera IL-2, wato gangar da ke kiran sojoji su yawaita su far wa ƙodar. Takrolimos da wani magani irinsa mai suna saikulosporin suna riƙe kalsinyurin, NFAT ya tsaya a waje, gangar ba ta kaɗawa. Matsalar dai in maganin ya yi yawa yana matse ƙananan jijiyoyin da ke shigar da jini matatar ƙodar, in abin ya daɗe kuma ya bar tabo. Shi yasa ake auna shi a jini kafin a sha na safe, ba bayan an sha ba.

Ɗalibar likitanci:
Yaya, ƙin tashin da ƙodar ta yi a satin farko ma labarin ƙwayoyin gado ne. Ƙodar ta zauna cikin ƙanƙara babu jini, da aka ɗaura ta jini ya dawo da iskar oksijin gaba ɗaya sai ya ƙone wasu sassa, ƙwayoyin gado masu jawo kumburi suka kunnu. Akwai wani furotin HIF da ke kunna masu kariya in iska ta yi ƙaranci, aikin da aka ba wa mutum uku kyautar Nobel a 2019. Ana gwada magungunan da ke toshe enzayim ɗin da ke rusa HIF, irin roxadustat, amma yanzu dai na ƙarancin jini ne a masu ciwon ƙoda, kar wani ya je kemis ya saya.

Mai Kemis:
Malam ka tambaye shi ko ya sha wani sabon magani kwanan nan. Klaritromaisin (wani antibayotik), ketokonazol (maganin fungus), har ruwan garehul, duk suna toshe enzayim ɗin hanta da ke narkar da takrolimos sai ya taru. Rifamfisin na tarin fuka kuma akasin haka, yana zuƙe shi har jiki ya ƙi ƙodar. Kar ya rage ko ƙwaya ɗaya da kansa.

Ɗan Fagge:
Innalillahi! Makon jiya ya yi tari aka sayo masa antibayotik a unguwa, bari in je gidan in ɗauko kwalin gobe mu kai wa likita.