Mai gidan zane ta nemi aron rigar Baba, in ba ta?

'Yar Kakuri:
Assalamu alaikum. Ranar Asabar ƙawata ta ja ni wani ɗan gidan baje kolin zane a Unguwar Rimi. Ba na gwamnati ba ne, wata Hajiya ce ta ware falo biyu a gidanta. Na farko zanen alƙalami da tawada ne, irin na littattafan yara: mai tallan fura, jirgin ƙasa a kan gada, tsohuwa tana kaɗi da mazari. Na biyu kuwa gwado ne da luru da zannuwan rini, sai allunan zayyana guda biyu.

Abin da ya tsayar da ni wata riga ce saƙi mai aska takwas, an baje ta a bango. Na daɗe a gabanta har idona ya cika, don irinta sak tana cikin adakar Baba, Allah Ya jiƙansa. Ta Kaka ce, a birnin Zariya aka ɗinka, Baba ba ya sa ta sai da babbar sallah. Da na faɗa wa Hajiyar, sai ta roƙi in ara mata wata uku. Ina so a gan ta, amma Yaya ya ce rigar gado ba ta kwana gidan wani. Don Allah me kuka gani?

Tsohon ma'aikacin masaƙa:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah Ya gafarta masa. Ni dai ki bayar. A masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) da ke Kakuri a Kaduna, wadda aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, na yi ƙuruciyata, kuma yau jikokina suna wucewa ta Kakuri ba su san garin nan ya taɓa tufatar da Arewa ba. To ina ga saƙar hannu?

Amma ki je da kanki ki ga inda za a sa ta. Kada ta fuskanci taga, rana tana cinye shuɗin baba, kuma in ya koɗe ya koɗe ke nan. Kada a rataye ta a ƙusa. Saƙi ƙyallaye ne sirara aka harhaɗa, nauyinsa kan yaga ɗinkin kafaɗa. A zura sanda mai kauri ta hannu biyu, a naɗe sandar da farin yadi. Kada kowa ya ce zai wanke ta ko ya kai ta bugu. In ta dawo kuma ban da leda, da damina gumi take yi a ciki. Farin zane da kafur saboda asu.

Ɗaliba daga Samaru:
Anti, kin lura zanen takarda duk akwai sunan mai shi a ƙasa, rigar kuwa babu? Wannan yana ci mini rai. A aji muna haddace sunayen su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, na ƙungiyar ɗaliban zane ta Zariya ta 1958, kuma sun cancanta. Amma malamin da ya zana askar da tambarin (adon nan mai da'ira) a jikin riga da tawada, da wanda ya kwashe watanni yana bin zanen da allura da zaren tsamiya, ba wanda ya rubuta su. Ki tambayi manya tun suna raye wa ya ɗinka, a wace unguwa, a sa a takarda a gefenta.

Baban Ummi:
Maganar Yayanki ba abin yarwa ba ce. In ba a raba gado ba, rigar ba taki ce ke kaɗai ba, sai kowa ya yarda. Sannan a rubuta: aro ne ba sayarwa ba, ga ranar dawowa, da shaidu biyu. Ki ɗauki hotonta ciki da waje kafin ta fita.

'Yar Kakuri:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Jiya na kira Goggo a Zariya. Ta ce maƙwabcinsu ne ya ɗinka, a zaure yake zama, tana yarinya ita ke kai masa tuwo, kuma ta tuna sunansa. Mun fi awa muna waya, rabon da in ji ta da irin wannan murya tun rasuwar Baba. Yaya bai ce e ba tukuna, amma ya yarda zai bi ni ranar Asabar ya ga bangon da idonsa.