Gidan raino ko jardan: ina ya fi dacewa da yaron da bai cika shekara 3 ba?

Maman Abba, unguwar Karkada:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da malamai a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni tun da aka fara maganar komawa makaranta a watan Oktoba. Ɗana yana da shekara 2 da wata 9. Tun da hutun haihuwata na mako 14 ya ƙare, uwar mijina ce ke riƙe da shi idan na tafi aiki, amma yanzu jikinta ya yi rauni, ta koma gida Mirriya. Ni kuwa ba na dawowa sai bayan la'asar, maigidan kuma ɗan kasuwa ne, yau yana Damagaram, gobe yana Kano.

Akwai wata baiwar Allah a layinmu da ke rainon yara 5 a gidanta, ta ce in riƙa ba ta jika 10 a wata, ni zan kawo abincinsa. Akwai kuma jardan, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, mai zaman kansa da ya yarda ya karɓe shi duk da shekarunsa ba su kai ba, sai dai ana tashi da tsakar rana, ga kuɗin rajista da na tufafi da na kabu-kabu. Maigidan ya fi son jardan domin yaro ya kama Faransanci da wuri. Abin da ke damuna shi ne har yanzu bakinsa bai gama buɗewa ba, kuma ba kullum yake faɗa ba idan zai yi fitsari. Don Allah waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali su ba ni haske.

Tsohuwar malamar jardan, Birni:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Na yi shekaru ina koyar da ƙananan yara kafin in yi ritaya, kuma abin da kika faɗa a ƙarshen tambayarki ya fi komai muhimmanci a wurina. Yaron da ba ya iya cewa yana jin ƙishirwa, ko wani ya buge shi, ko cikinsa na ciwo, idan aka sa shi cikin aji mai yara da yawa a gaban malama guda, to shi ne zai fi kowa wahala, ba don malamar ba ta da tausayi ba, sai don hannunta biyu ne kawai. Na sha ganin ƙaramin yaro ya jiƙa wandonsa tun da safe, ya takure a kusurwa, ba a lura ba sai lokacin cin abinci. Irin wannan yaron yakan tsani makaranta tun bai san mece ce ita ba, kuma cire masa wannan tsoron daga baya aiki ne babba.

Iyaye da yawa sun ɗauka jardan wurin koyon karatu ne. Aikinsa na gaskiya shi ne koya wa yaro zama cikin tsararrakinsa, jiran layi, riƙe alli, sauraron labari har ƙarshe, waƙa, da rabuwa da uwarsa ba tare da kuka ba. Waɗannan abubuwa suna shiga sosai ne daga shekara 4 zuwa 5, kuma tun da ba a shiga ajin CI, wato ajin farko na firamare, sai yaro ya kai shekara 6 ko 7, ɗanki yana da isasshen lokaci a gabansa ko da kin jinkirta shekara guda cif.

Game da Faransanci, ki gaya wa maigidanki cikin ladabi cewa yaron da ya ƙware a harshen uwarsa, ya iya ba da labari, ya iya tambaya da musu, shi ne ke saurin kama wani harshe. Wanda aka cusa wa baƙon harshe tun bai iya haɗa jimla da Hausa ba yakan haddace waƙoƙi da gaisuwa, iyaye su yi ta murna, alhali bai san ma'anarsu ba. Balle ma kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, don haka babu abin kunya idan yaro ya fara gina tunaninsa da Hausa. Da ni ce ke, da na bar shi a hannun mai raino wannan shekarar, in dai mace ce mai hira da yara, sannan in kai shi jardan Oktoba mai zuwa.

Wani uba daga Sabon Gari:

Da izinin Hajiya malama, ina girmama iliminta, amma ina da ja a kan gidan raino domin na ɗanɗana. Mun taɓa kai ɗiyarmu wurin wata mata da kowa ke yabo a unguwa. Wata rana na dawo da wuri saboda mantuwa, na tarar matar ta tafi biki, ta bar yara 6 a hannun yarinyar da ba ta wuce shekara 12 ba, ga tukunya a kan wuta a tsakar gida, ƙofar zaure kuma a buɗe, babura suna wucewa. Daga baya muka gane cewa yawancin yini a gaban talabijin ake ajiye su domin su yi shiru. Ban kwana ba sai da na ɗauke ta, kuma har yau idan na tuna wannan tukunyar gabana yakan faɗi.

Jardan, ko yaya yake, yana da darakta da za ka kai wa ƙara, yana da ƙofa da mai gadi, wanda ke da izini kuma masu duba makarantu suna iya shigarsa. Mai raino a gida babu wanda ke duba ta, kuma da yake maƙwabciya ce, kunya ba za ta bar ki ki yi mata gyara ba. Ranar da ta yi rashin lafiya ko aka yi mata rasuwa, ke ce za ki rasa aiki a wannan ranar. Idan har dole gidan rainon ne, ƴar uwa, ki riƙa faɗawa gidan ba tare da sanarwa ba, a lokuta daban-daban, kuma tun ranar farko ku yi magana a fili a kan wanda zai riƙe yaran idan za ta fita.

Ma'aikaciyar lafiya, Garin Malam:

Ni ta fannin lafiya zan yi magana, domin ko'ina aka tara ƙananan yara cuta tana samun hanya. Kafin ki kai shi ko ɗaya daga wuraren nan, ki duba katinsa na rigakafi, musamman allurar ƙyanda da ake fara yi a wata 9, sannan ki tambayi mai rainon ko sauran yaran an yi musu. Sanƙarau ya addabi jiharmu a 2022 da 2023, kuma ɗaki mai cunkoso marar taga a lokacin ƙura da zafi shi ne abin da muke gudu, ko aji ne ko ɗakin gida. Oktoba kuma zazzaɓin cizon sauro bai gama sauka ba, saboda haka ki duba ko akwai gidan sauro a inda yaran ke barcin rana, kada kuma ya rasa maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa yara ƴan ƙasa da shekara 5 a lokacin damina.

Sai maganar ruwa, wadda duk ɗan Damagaram ya san ta. Idan famfo ya ɗauke kwana da kwanaki, da wane ruwa ake ba yara su sha, da wanne ake wanke musu hannu bayan bayan-gida? Ki buɗe randar da idonki, ki ga ko kofi guda kowa ke tsomawa. Durom da bokitan da ake tara ruwa a ciki dole su kasance a rufe, domin yaro mai shekara 2 yana iya faɗawa da ka cikin bokiti ya kasa fitowa, ba kuma tare da wani ƙara da za a ji ba. A ra'ayina yara 5 a hannun mace ɗaya ba su yi yawa ba idan dukansu suna tafiya da ƙafarsu, amma idan biyu daga ciki jarirai ne na goye, naki zai zama wanda ake cewa ya zauna ya yi shiru.

Maman Abba, unguwar Karkada:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya da hantsi na nemi izini a wurin aiki na faɗa gidan mai rainon kamar yadda Malam na Sabon Gari ya ba da shawara. Na same ta zaune a tabarma tana yi musu tatsuniya, madafinta yana da ƙyaure, yaran kuma ɗaya ne kawai na goye. Abin da bai yi mini ba shi ne durom ɗin ruwa da na gani a buɗe kusa da inda suke wasa, na yi mata magana, ta karɓa ba tare da ɓacin rai ba, na kuma ce zan sayo murfi da kaina. Mun yi da ita cewa ranar da za ta fita za ta sanar da ni tun da dare, ƙanwata ta zo ta ɗauke shi.

Na karanta wa maigidan amsar Hajiya, ya yarda mu jira Oktoba mai zuwa, da sharaɗin mu fara neman jardan tun yanzu. Hajiya, idan na je dubawa, yara nawa a aji guda za ki ce sun yi yawa ga malama ɗaya, kuma ya dace in nemi a bar ni in zauna cikin ajin na safiya guda kafin in biya kuɗin rajista?